Darasi na 14: Kare Rafin Gari da Kurmin Gaɓarsa

Da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda ba kusa da ruwa aka kafa shi ba. Wani kogi ne, wani ƙorama ce mai gudu da damina ta ƙafe da rani, wani kuwa tafki ne ko fadama. Kakanninmu ba sa sauke kaya a wuri sai sun tabbata akwai inda za a sha, a shayar da dabba, a yi lambu idan damina ta wuce. Wannan darasi a kan wannan ruwa yake, da itatuwa da ciyayin da ke gaɓarsa: yadda suke lalacewa, su wa ke lalata su, da abin da mutanen unguwa ko ƙauye za su iya yi da hannunsu tun kafin hukuma ta iso. Kowannenku ya san rafin garinsu fiye da yadda littafi zai gaya masa, saboda haka ku riƙa auna abin da kuke karantawa da abin da idonku ya gani.

Abin da ya sami Jakara

Duk wanda ya taɓa bi ta Kasuwar Kurmi ko ta Fagge a Kano ya san rafin Jakara. Ko bai gan shi ba, hancinsa ya sanar da shi. Amma ba haka wurin ya faro ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda: kurmi ne mai duhun itatuwa kewaye da ruwa, wanda mutanen Dala ke girmamawa suna kuma tsoronsa. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da Jakara tafki ne babba a tsakiyar birni, har ya sa shi a taswirarsa, ya kuma danganta yawan ciwon da ake yi a birnin da ruwan da ke kwance a irin waɗannan wurare. Ke nan ciwon ya daɗe, sai dai a zamaninmu ne ya ci ƙarfin mai shi.

A yau rafin yana ratsa tsohon birni, ya fita ta Fagge, ya bi gefen Sabon Gari, yana kwasar ruwan kwatamin gidaje da jinin kwata da baƙin man gareji da tulin leda. Can gaba ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ciki har da na majemu, sannan su zuba a madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A tsakanin nan akwai manoman rani da ke jan wannan ruwa da injin ban-ruwa suna shayar da latas da kabeji da alayyafo da karas. Da asuba a yanko, a wanke a ruwan nan dai, a ɗora a a-daidaita-sahu a kawo kasuwa. Wato abin da mutumin birni ya zubar a kwata da daddare yana iya dawo masa a farantin kwaɗo bayan 'yan makonni. Masu bincike a jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun guba irin ta ƙarafa masu nauyi, kamar kuromiyam da ake jima da shi, da dalma.

A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara rufe wani sashe na rafin da kankare ana shimfiɗa titi, wanda Kanawa ke kira Wuju-Wuju. Rufewa tana rage wari da haɗarin faɗawar yara, wannan gaskiya ne. Amma ruwan da ke ƙarƙashin kankare yana nan da ƙazantarsa, kuma har gobe gonar wani zai je.

Abin da nake so ku riƙe daga labarin nan shi ne, babu ranar da Kanawa suka taru suka yanke shawarar kashe Jakara. Wani ya sare itace ɗaya. Wani ya karkato da kwatar gidansa. Wani ya cike gefe ya ƙara ɗaki. Wani ya aiki yaro da shara, yaron ya ga juji da nisa, ya juye a ruwa. Kowannensu da za ka tare shi cewa zai yi, "Nawa ne ɗan wannan? Ai ruwa zai tafi da shi." Rafin ƙauyenku ma ta wannan hanya zai mutu idan zai mutu, kuma irin maganar da za ku ji ke nan.

Aikin da rafi ke yi wanda ba a gani

Mutum ba ya tsare abin da bai san amfaninsa ba, don haka mu tsaya a nan kaɗan.

Mu fara da yashi. Idan rani ya yi tsanani rafi ya ƙafe, mata da yara da makiyaya sukan je tsakiyarsa su tona yashi kamu ɗaya ko biyu, ruwa mai sanyi ya tsattsafo. Daga ina ya fito? Na damina ne da ya shige tsakanin ƙwayoyin yashi ya kwanta, rana ba ta kai gare shi balle ta shanye shi. Yashin rafi randar gari ce da aka binne a ƙasa. Daga nan ruwan ke bi a hankali yana ciyar da rijiyoyin da ke kusa da fadamun da ake noman rani. Yashin kuma yana tace ruwan, shi ya sa na tono ya fi na kududdufi haske.

Sai itatuwan gaɓa: ɓaure, ɗinya, kanya, giginya, goruba, marke, tsamiya, da ciyayi irin su jema da gamba da kyauro. Saiwoyinsu ke riƙe ƙasar gaɓa lokacin da ruwa ya taso da ƙarfi. Idan aka yi ruwan sama, ciyawar ke rage gudun ruwan da ke gangarowa daga gonaki, ta tare laka da taki da maganin feshi kafin su faɗa rafi. Inuwar itatuwan kuma tana sanyaya ruwa, ruwa mai sanyi kuwa ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Mutane da yawa ba su san kifi ma yana shaƙar iska a cikin ruwa ba. Idan aka zuba jini ko kashi ko ruɓaɓɓen abinci da yawa, ƙananan ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da su sai su cinye iskar. Ruwan ya yi baƙi, ya fara wari, karfasa ta taso sama tana haki ta mutu. Tarwaɗa da gaiwa kan ɗan jure saboda suna iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa su kan zama na ƙarshe a rafin da ke mutuwa. Idan masuntan garinku suka ce yanzu tarwaɗa kaɗai suke samu, ku bincika. Ruwa ba ya tsami banza.

A kurmin gaɓa ne kuma mai magani ke samun sassaƙe, masaƙin tabarma ya sami kaba, mai zuma ya rataye amya, zalɓe da balbela da kirinjijiya su sami wurin sauka.

Masu ɓarna iri-iri ne

Ɓarnar da ta fi saurin canja kamannin rafi a yau ita ce haƙar yashi. Garuruwa suna faɗaɗa, kowane gini na son bulo, kowane bulo na son yashi. Sai ka ga tifa-tifa sun yi layi a cikin rafi tun kafin gari ya waye, samari da shebur suna lodi. Idan aka kwashe yashin har aka tarar da laka, abubuwa da yawa ke biyo baya. Ruwan ƙarƙashi yana sauka, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba ta fara ƙafewa tun watan Maris. Gindin rafi yana zurfafa, gaɓa ta rasa madogara ta rufta, ta tafi da gonar da ke kanta. Idan kusa da gada ake haƙar, ginshiƙan gadar su fito fili, ruwa ya riƙa cin ƙarƙashinsu. Abin da ya fi ciwo kuwa shi ne ramukan da ake bari. Damina ta zo ta cike su, sama ta yi lif kamar ko'ina daidai yake. Yaron da ya saba ratsa wurin ruwa iya gwiwa ya taka, ya nutse a rami mai gaba biyu. Garuruwa da yawa sun binne 'ya'yansu ta wannan hanya, aka ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ramin da shebur aka haƙa shi.

Shara tana biye. Da can sharar gida toka ce da ganye da kashin awaki, ana kai ta gona ta zama taki. Yanzu rabinta leda ce da robar lemo da ƙunzugun jarirai na zamani, waɗanda ba sa ruɓewa. Su ke toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidaje. A ambaliyar 2022 mutane fiye da 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala. Ba leda ce ta kawo ruwan sama mai yawa ba, amma a cikin gari toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa su ke mai da ruwan awa biyu ya zama rushewar katanga. Akuya ko saniyar da ta haɗiyi leda kuwa, mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbinta.

Akwai masu zuba guba don kama kifi. Shekaru da yawa ana amfani da Gammalin 20, maganin ƙwari mai sinadarin lindan, wanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da shi a noma tun 2009. Yanzu wasu kan zuba kowane maganin feshi da ya zo hannu. Gubar ba ta zaɓe: babban kifi, ƙaramin kifi, ƙwai, kwaɗi, duk ta kashe, kifin kuma a soya a sayar wa mutane. Kusa da wannan akwai kamun kifi da gidan sauro. An raba shi kyauta don a kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wani ya mai da shi koma, ragarsa kuwa ba ta barin ko ɗan ƙaramin kifi ya kuɓuta, baɗi babu abin kamawa.

Ku lura da wani abu game da guba: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot, amma ba ya cire dalma ko maganin feshi. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dalmar nan ce ke cikin tsohon batirin mota da na sola da ake fasawa a bakin kwata.

Bahaya da fitsari a bakin ruwa su ma ɓarna ce, ko da mai yi bai nufa ba. Ta haka tsargiya ke yawo: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ɗan dodon koɗi, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Sai ɓarnar ganganci, wadda ita ce ta fi ƙona rai. An dasa itatuwa an kewaye su da waya, dare ɗaya a yanke wayar. An sa ƙarfen kariya a gada, a zo da zarto a yanke a kai wa 'yan gwangwan a kilo. A ɗauke murfin kwalbati, a kwance faifan sola na rijiyar burtsatse, a tuge allon sanarwa, a kwashe duwatsun da aka jera don tare zaizaya a kai gindin gini. Mafarauta su cinna wa ciyawar gaɓa wuta don gafiya ɗaya, wutar ta cinye dashen shekara uku. Mai gawayi ya kwantar da ƙiryar da ta girmi kakansa. Wani lokaci kuma kurmin ya zama maɓoyar masu shaye-shaye, mata su daina zuwa wanki, dattawa su daina zuwa shan iska, wurin ya koma hannun waɗanda ba su damu da shi ba. Wurin da mutanen kirki suka ƙaurace wa shi aka fi ɓarnatawa.

Rafin wa ne?

Ka tare mai yanke waya ka ji amsarsa: "Kayan gwamnati ne, gonar ubanka ce?" A ganina tushen matsalar yana cikin wannan amsa. Mutumin nan ba zai shiga gonar maƙwabcinsa ya sare mangwaro ba, don ya san mai ita, ya san za a yi shari'a. Rafi kuwa an bar shi kamar ba shi da kowa.

Da ba haka abin yake ba. Kowane ruwa yana da sarkin ruwa, kowane daji yana da mai kula da shi, gari yana da hurumi wanda ba mai nomawa ko ginawa, makiyaya suna da burtali da mashaya da kowa ya sani. Ku dubi Argungu a jihar Kabi. Akwai sashen kogin Matan Fada da aka hana su a cikinsa duk shekara, sai ranar bikin kamun kifi, kuma Sarkin Ruwa ne ke ba da izinin shiga. Bikin a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. An sha kama giwan ruwa da ya haura kilo 70 a wurin. Mutane kan yi mamakin girman kifin su manta da dalilinsa: an bar shi ya girma, don akwai doka, akwai mai tsaronta, kuma masuntan sun san ribar tasu ce.

A Jamhuriyar Nijar ma an ga haka da itatuwa. Lokacin da dokar daji ta mai da itace mallakar gwamnati, manomi ba ya ganin dalilin barin tsiro a gonarsa, tunda ko ya girma ba nasa ba ne. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin Maraɗi, suka fara wata dabara mai sauƙi: maimakon a ƙone kututture a lokacin sassabe, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Wannan dabara tana aiki a gaɓar rafi, don kututturen da kuke gani kamar ya mutu saiwarsa tana raye.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Hadisai sun hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, sun kuma nuna wanda ya dasa itace yana da ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi. Malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci jama'a ba. Huɗuba ɗaya a kan wannan a masallacin Juma'a, ko wa'azi a coci, tana isa inda allon sanarwa goma ba su isa ba.

Daga ina za a fara?

A fara da tafiya. Ku haɗu ku biyar ko shida, a ciki a sami dattijon da ya san yadda wurin yake da, da mace, da masunci ko mai lambu, da makiyayi, da saurayi mai waya da zai ɗauki hoto. Ku bi rafin daga inda ya shigo ƙasarku zuwa inda ya fita. Mai rubutu ya riƙe littafi: a nan kwata ke shigowa, a nan ake juye shara, a nan tifa ke sauka, a nan gaɓa ta fara tsagewa. Kada a bar mata a baya a wannan aiki. Su suka san ranar da ruwa ya canja ɗanɗano, su ke aiken yara da shara, kuma idan suka ce kada a kai bakin rafi, ba za a kai ba.

Da littafin nan za ku je wurin mai unguwa ko dagaci. Ba a zuwa da faɗa. "Ranka ya daɗe, ga abin da muka gani, ga hotuna, mun zo neman a kira taro." A taron ne za a kafa kwamiti, a sa dokoki, kuma a sa 'yan kaɗan waɗanda za a iya tsarewa: faɗin gaɓar da ba za a noma ko a sara ba, misali taku goma sha biyar daga bakin ruwa; watannin da za a ɗaga wa kifi ƙafa lokacin da yake ƙwai da damina; hana guba da wuta ɗungurungum; tarar wanda ya karya, da inda kuɗin tarar za su shiga. A rubuta, a karanta a bainar jama'a, shugabannin masunta da makiyaya da direbobin tifa da 'yan gwangwan su sa hannu ko su dangwala. Dokar da aka yi ba da mutum ba, da wuya ya bi ta.

A nan akwai gaskiyar da ba a son faɗa. Saurayin da ke lodin yashi da kuɗin yake ciyar da mahaifiyarsa. Matar da ke zuba shara a rafi ba ta da wani juji kusa. Idan kuka hana kawai, za su koma yi da dare. Sai an nuna wani wuri: a keɓe inda za a ɗebi yashi nesa da gada da lanƙwasar rafi, a ƙayyade zurfi, kada a taɓa gaɓa, kowace tifa ta biya wani abu a asusun gari da rasit. A samar da wurin tara shara a nemi ƙaramar hukuma ta riƙa kwashewa. A haƙa masai kusa da kasuwa da makarantar allo. Kayan sata kuwa, mai saye ne ƙofarsu. Idan dillalan gwangwan suka yi alkawari ba za su karɓi ƙarfen gada ko murfin kwalbati ba, ɓarawo ba shi da inda zai kai.

Yadda ake yi wa mutum magana ma rabin aikin ne. A ce ɗan kwamiti ya tarar da dattijo da gatari a gindin ɓaure.

"Baba, sannu da aiki. Itacen girki ake nema?"

"Shi fa, ɗana. Gidan babu ko ƙirare."

"Allah sarki. Baba, wannan ɓauren shi ke riƙe gaɓar da gonar Kawu ke kai. Ga busasshen reshe can, bari in hau in saro maka, in kai maka har gida."

Da ya ce masa "Kai tsoho, ba ka ji doka ba?", da an rasa itacen an kuma rasa dattijon. Wanda aka kama yana sata ko zuba guba kuwa, a miƙa shi ga mai unguwa, ko 'yan sanda, ko jami'an sibil difens waɗanda tsaron kayan jama'a na cikin aikinsu. Kada a doke shi. Taron dukan ɓarawo ya sha zama kisan kai, kuma ranar da aka yi haka kwamitinku ya mutu.

Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gari, kamar masana'anta mai sako ruwa mai launi, ko mai kuɗin da ya cike fadama zai yanka filaye, sai takarda. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a aika kwafi ga hukumar NESREA, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Takardar ta faɗi wuri, da rana, da abin da aka gani, da wanda abin ya shafa, da abin da ake roƙo. Ban da zagi, ban da zargin da ba ku da shaidarsa. A sa hannun mutane da yawa, a kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Idan shiru ya yi yawa, gidajen rediyo suna da shirye-shiryen koke-koken jama'a, kuma jami'ai suna saurare.

Dashe kuwa kowa na son yi, reno ne ake gudu. A dasa da farkon damina idan ruwa ya zauna, a kewaye kowane tsiro da ƙaya ko kwando saboda awaki, a jera jema a inda gaɓa ke zaizayewa. A damƙa kowane itace ga gida ɗaya ko ɗalibi ɗaya da sunansa, shi zai ba shi ruwa a ranin farko. Itace ashirin masu mai su sun fi dubu da aka dasa ranar biki aka watse.

Tambayoyi da aiki

1. Ta wace hanya ƙazantar da aka zuba a Jakara ke komawa cikin abincin mutanen birni?
2. Me ke samun rijiyoyin da ke kusa idan aka kwashe yashin rafi?
3. A ce unguwa tana da gida 200, kowane gida yana zubar da leda 10 a rana. Leda nawa ke nan a rana? Nawa a kwana 30?
4. Me ya sa kifin Matan Fada ke girma haka? Akwai irin wannan doka a garinku, ko an taɓa yi?
5. Ku rubuta takarda mai layi goma zuwa ga dagaci a kan ɓarna ɗaya da kuka gani da idonku.

Kafin zama na gaba, kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu ya tambaya: wane kifi, wane itace, wane tsuntsu ake gani a rafin nan da, wanda yanzu babu? Ku rubuto sunayen yadda suka faɗa, ku zo da su aji, da su za mu je wurin mai unguwa.